Da Me Ake Auna Masanin Sinadarai? Daga Ɗakin Gwaji a Kano Zuwa Buhun Wake a Illo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, da kuma irinmu na bakin iyaka da sabis ke yi wa wasa.

Kusan duk shekara akwai lokacin da hotunan farfesoshi ke cika Facebook da WhatsApp. Wane ya shiga jerin kashi 2 cikin 100 na manyan masanan duniya, wane ya wallafa maƙala 200, wane ne na ɗaya a jami'arsu. Mu yi ta zuba Masha Allah, mu tura gaba. Taya murna ba laifi ba ne. Amma da za a tsayar da mu a ce, to me waɗannan lambobin suke nufi, wa ya ƙirga su, kuma me suka ƙara wa mai ajiye wake a Illo ko Lolo ko Tsamiya, da yawanmu shiru za mu yi. Shi ya sa yau za mu ɗauki masani guda ɗaya, mu bi aikinsa daki-daki, mu ga yadda ake auna tasirin mai bincike, da kuma inda ma'aunin ke gazawa.

Fannin da muka zaɓa shi ne wanda ɗalibai suka sani da oganik kemistiri, kwas ɗin da ya sa mutane da yawa zufa a aji biyu na jami'a. A taƙaice, shi ne ilimin sinadaran da aka gina su a kan kabon. Man gyaɗa, sukari, fetur, roba, farasitamol, fiya-fiya, ɗacin maɗaci, ƙanshin kanumfari, duk sinadaran kabon ne. A da can Turawa sun ɗauka cewa irin waɗannan sinadarai sai jikin abu mai rai ne kaɗai ke iya samar da su. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da ya taɓa jikin wata dabba ba. E, yuriyar nan dai da manoman shinkafarmu ke saye buhu-buhu suna zuba wa fadama. Daga irin wannan aiki fannin ya tashi.

Reshen da ya fi kusa da mu shi ne na masu binciken sinadaran tsirrai. Kakanninmu sun san saƙe-saƙi da sassaƙe, sun san wane ganye ake sa wa hatsi a rumbu. Aikin masanin sinadarai shi ne ya tambaya: a cikin ɗaruruwan sinadaran da ke cikin wannan ɓawon, wanne ne ke yin aikin? Yaya ƙirarsa take? Nawa ne ke magani, nawa ne ke kisa?

Ga yadda aikin yake tafiya, don ku san abin da ke bayan maƙala guda ɗaya ta gaskiya. Za a je daji a samo itacen, a kai wa masanin tsirrai ya tabbatar shi ne ba mai kama da shi ba. A shanya a inuwa, a daka, a jiƙa a cikin etanol na kwanaki, a tace, a busar da ruwan. Abin da ya rage wani abu ne mai danƙo, cakuɗe da sinadarai barkatai. Sai a fara rarrabewa. A zuba shi ta cikin dogon bututun gilashi da aka cika da wani farin gari, ana bin sa da ruwan sinadari, kowane sinadari yana saukowa da nasa saurin. A tara kashi-kashi a kwalabe, a gwada kowane kashi a ga wanne ke da ƙarfi, a sake tace shi, a sake gwadawa. Bayan watanni, daga kilo-kilo na sassaƙe mutum zai iya ƙarewa da ɗan garin da bai rufe kan cokalin shayi ba. Nan ma aiki bai ƙare ba, sai an gano yadda ƙwayoyin kabon da haidurojin da iskar oksijin suka jeru a cikinsa. Wannan kuwa sai da na'urori irin su NMR, mai aiki da ƙaton maganaɗisu, mai tsadar gaske, wadda ba ta son wasa da wutar lantarki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, masanin da za mu duba shi ne Farfesa Majekodunmi O. Fatope, wanda ya yi aiki a sashen kemistiri na Jami'ar Bayero, Kano, daga baya ya koma Jami'ar Sultan Qaboos a ƙasar Oman. Sunan kaɗai ya gaya muku ba Bahaushe ba ne, amma itatuwan da ya yi shekaru yana bincika namu ne, na dajin da muke kiwo da itace a ciki. Bari mu ɗauki maƙalu huɗu daga cikin aikinsa na Kano.

Ta farko ta fito a 1993 a mujallar International Journal of Pharmacognosy, shi da H. Ibrahim da wani masani ɗan Japan, Yoshio Takeda. Sun tattaro tsirran da mutane ke cewa suna kashe ƙwari, suka tantance su da wata dabara mai araha: gwajin ƙananan jatan lande na ruwan gishiri. Ba su suka ƙirƙiro dabarar ba. Ta fito ne a 1982 daga ɗakin gwajin Jerry McLaughlin na Jami'ar Purdue a Amurka. Ana sayen ƙwan jatan landen a bushe, a zuba a ruwan gishiri, cikin kwana biyu su ƙyanƙyashe. A ɗauki guda goma-goma a sa a ƙananan kwalabe, a zuba musu ruwan tsiron a ƙarfi daban-daban, bayan awa 24 a ƙirga nawa suka mutu. Idan ɗan kaɗan ya kashe rabinsu, to akwai wani abu mai ƙarfi a cikin tsiron da ya cancanci a bi shi. Babu ɓera, babu na'ura mai tsada. Ga jami'ar da ba ta da kuɗi, wannan babbar ƙofa ce.

Ta biyu ta fito a 1995 a International Journal of Pest Management, kuma ita ce ta fi shafar mu kai tsaye. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Abdullahi Mann, sun tsara hanya mai sauƙi ta gwada tsirrai a kan ƙwaron wake, wannan da ke huda wake ya mayar da shi gari a cikin buhu. Tambayar ita ce, wane ganye ne idan aka daka aka gauraya da wake zai hana ƙwaron yin ƙwai ko ƙyanƙyashewa? Cikin tsirran da suka nuna alamar ƙarfi akwai Hyptis suaveolens, ciyawar nan mai ƙanshi da wasu ke kira daddoyar daji.

Ta uku ta fito a 1996 a Journal of Natural Products, ɗaya daga cikin mujallun da ake ji da su a wannan fanni a duniya. A nan gwandar daji suka bi. Daga sassaƙenta suka ware sinadarai huɗu, aka gwada su a kan ƙwayoyin cutar kansa da ake rainawa a ɗakin gwaji. Ɗaya ya nuna ƙarfi a kan ƙwayoyin kansar mama, biyu suka nuna ɗan tasiri a kan ta mafitsarar maza. Don Allah a saurara da kyau a nan: a cikin faranti aka yi wannan gwajin, ba a jikin mutum ba. Kada wani ya ce shirinmu ya ce gwandar daji na maganin kansa. Abubuwa dubbai na kashe ƙwayar kansa a faranti, kaɗan ne ƙwarai ke zama magani. Cikin sunayen da ke kan wannan maƙala akwai McLaughlin ɗin nan na Purdue da Takeda na Japan.

Ta huɗu ta fito a 2000 a Journal of Agricultural and Food Chemistry, shi da Oumar Adoum da Takeda. Wannan karon saiwar tsada ce. Sun ware wasu sinadaran mai masu kabon 18, suna bin sawunsu da gwajin jatan lande da kuma gwajin ƙyanƙyasar ƙwan wani ƙwaro mai tsotse kwanson wake tun yana gona.

Kun ga zaren da ya ɗinke su? Tsirran da mutanenmu suka sani, gwaji mai araha da za a iya yi a Kano, sannan haɗin gwiwa da masu manyan na'urori a waje don a kai aikin ƙarshe. A waɗancan shekarun, kusan duk ɗan Najeriyar da ya ware sinadari sai ya nemi wanda zai duba masa ƙirarsa a Turai ko Amurka ko Asiya, kuma har yau ɗalibai da yawa na aika samfuri waje su zauna jira. Don haka idan kun ga sunan Bajapane a kan maƙalar tsada, kada ku yi mamaki.

Yanzu mu zo kan awo. Masana na auna junansu da abin da ake kira ambato. Idan na rubuta maƙala na ce na bi hanyar da wane ya bi, ko na dogara da sakamakonsa, na sa sunansa da shekara, to na ambace shi kenan. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fara tsara ƙidayar ambato, kundinsa ya fara fitowa a farkon shekarun 1960. Yau Scopus da Google Scholar, waɗanda dukansu suka fara a 2004, su ke wannan ƙidaya. Jerin kashi 2 cikin 100 ɗin nan da muke yaɗawa, John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokansa ne ke fitar da shi tun 2019, kuma daga ƙidayar Scopus suke ɗauko shi. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya karanta aikin mutum ya ce ya yi kyau ba. Lissafi ne na ambato.

A 2005 wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h. Idan aka ce h ɗin mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙala 20 da aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20. Hikimar ita ce a haɗa yawa da nauyi. Misali, malam na farko yana da maƙala 100, amma kowace sau 2 kawai aka ambace ta, h ɗinsa 2 ne. Malam na biyu yana da maƙala 10, kowace an ambace ta sau 50, h ɗinsa 10 ne. Kun ga mai 10 ya fi mai 100 nauyi. Amma ga matsala: wanda ya rubuta maƙala guda ɗaya tak da ta juya duniya, aka ambace ta sau 5,000, h ɗinsa 1 ne. Sannan ma'aunin ba ya sauka, ko da mutum ya daina aiki shekara ashirin. Kuma ba a gwada shi tsakanin fanni da fanni, domin masu binciken lafiya sun fi masu lissafi yawan ambaton juna nesa ba kusa ba.

Mu dawo kan Fatope. Duk wanda ya yi furojet a kan ganye ko sassaƙe a sashen kemistiri ko na nazarin ƙwayoyin cuta a jami'o'in Arewa, ya buɗe babi na uku ya duba. Akwai yiwuwar zai ga an rubuta cewa an jiƙa garin tsiron an tace bisa hanyar Fatope da abokansa, 1993. Wannan layin ya zagaya maƙalu da kundayen digiri masu yawan gaske. Shiga Google Scholar ka rubuta sunan da shekarar, ka gani da idonka, gani ya kori ji. Wannan tasiri ne na gaske: mutum ya bar hanyar aiki da ƙarni guda na ɗalibai suka bi. Wasu daga cikin waɗanda sunansu ya fito tare da nasa, irin su Mann da Adoum, su ma sun zama farfesoshi sun yaye nasu ɗaliban.

Amma a nan ne kuma za ku ga raunin ƙidaya. Mu faɗa wa juna gaskiya, ɗalibai nawa ne cikin masu sa wannan ambato suka taɓa ganin maƙalar da idonsu? Da yawa daga furojet ɗin wani suka kwafo layin, shi ma daga na wani. Kwamfuta kuwa ba ruwanta, ambato ambato ne. Ba ta bambanta wanda ya karanta ya ɗora gini a kai da wanda ya kwafa don babi ya cika. Haka kuma maƙalar gwandar daji da ta tsada, waɗanda suka fi wahala, suka fi zurfi, suka kai ga ware sinadari da gano ƙirarsa, ba lallai ne ɗalibi ya taɓa jin labarinsu ba. Lamba na iya gaya maka aikin da ya fi yawo, ba lallai ta gaya maka wanda ya fi nauyi ba.

Abin ya wuce nan ma. Tunda ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya a kan yawan wallafa, sai kasuwa ta buɗe. Akwai mujallun bogi da za ka biya kuɗi yau, jibi a buga maka, ba wanda ya duba. A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya yi musu tarko. Ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya da ke cewa wani sinadari daga wani tsiro mai fitowa jikin duwatsu da itatuwa na hana kansa girma, ya cusa kurakuran da duk mai duba aiki da gaske zai gani. Ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira, kamar na Afirka ya yi su. Kuma irin maƙalar da ya kwaikwaya, wato mun jiƙa tsiro mun ga yana kashe kaza, ita ce irin wadda ta cika mana ɗakunan karatu. Duk lokacin da aka buga ta bogi, ana rage darajar ta gaskiya. Ko masana da kansu sun gaji da bautar lambobi: a 2012 wasu daga cikinsu suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwa cewa a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga a ciki, a riƙa duba abin da aikin ya ƙunsa.

To, akwai awo na uku da kwamfuta ba ta yi, kuma shi ne ya fi damun mu nan bakin iyaka: aikin ya isa hannun mutane? Ku dubi wake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake irin namu a duniya, Nijar na biye. Matsalar da Fatope ya sa a gaba a 1995 tana nan ba ta je ko'ina ba. Manomi ko ɗan kasuwa ya zuba wake a buhu, wata biyu uku ƙwaro ya cinye masa riba. Me yake samu a kanti? Fiya-fiya da danginta, masu ɗauke da sinadarin daikulobos. Wannan sinadari na aiki ne ta hanyar toshe wani sinadarin jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isar, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa. Yadda yake yi wa ƙwaro, haka yake yi wa mutum idan ya yi yawa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda an yi ta samun wannan sinadari ya ninka iyakar da suka yarda da ita, wato miligiram 0.01 a kilo ɗaya, kuma aka yi ta tsawaita dakatarwar. Turawa suna da na'urar da za su gwada su ce ba su so. Mu da muke saye a mudu mu dafa wa yara shinkafa da wake, wa ke gwada mana?

Mafitar da ta fi isa ga manomi kawo yanzu ba daga kwalbar sinadari ta fito ba. Buhun PICS ne, mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A ɗaure kowace da kyau, ƙwarin su shaƙe iskar da ke ciki ta ƙare, su daina ci da haihuwa su mutu, ba tare da ɗigon guba ba. Masana na Jami'ar Purdue ɗin nan dai, tare da abokan aikinsu na Afirka, su suka samar da shi, kuma daga 2007 aka yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya, Nijar da Benin. Me ya sa shi ya iso kasuwa, ruwan saiwar tsada bai iso ba? Saboda bayan bincike an samu kuɗi, an samu masana'anta, an samu dillalai, an samu masu shiga ƙauye-ƙauye suna buɗe buhu a gaban jama'a. Masanin sinadarai ya yi nasa zangon. Zangon da ke gaba, na gwajin lafiya, rajistar NAFDAC, sarrafawa da sayarwa, ba aikin malami ɗaya da ɗalibansa ba ne.

Kuma abin na cin lokaci ko a inda ake da kuɗi. Ku ɗauki dogonyaro, da wasu ke kira darbejiya. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar wannan itacen. A 1968 aka ware sinadarin da ke hana ta ci, azadiraktin, a Ingila. Sai tsakiyar shekarun 1980 aka gama tantance ƙirarsa. Steven Ley na Jami'ar Cambridge kuwa, shekara 22 shi da ɗalibansa suka yi kafin su iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007. Itacen da muke zama a inuwarsa kullum kenan.

A gida ma muna da darasi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja, ta yi aiki da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, a kan haɗin da yake ba masu sikila. Haɗin ya ƙunshi masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani itace. Cikin masanan da suka yi aikin akwai Farfesa Charles Wambebe da masanin oganik kemistiri Farfesa Joseph Okogun. Aka sa wa maganin suna Niprisan, aka yi masa rajistar mallaka a Amurka a 1998 da sunan mai maganin a cikin masu ƙirƙira, aka gwada shi a kan marasa lafiya aka buga sakamakon a 2001. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisi, a 2006 aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya durƙushe, magani ya yi wuyar samu, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Wannan fa a ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Masana sun yi aikinsu, sarƙar ta tsinke a wani wuri daban.

Sai misali na ƙarshe, daga ƙasar Sin. Tu Youyou ita ce ta jagoranci ware atimisinin a 1972, sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauron da ake ba mu a asibiti yau. Ba ta da digirin dakta. Rahoton farko na aikin ya fito a 1977 da harshen Sinanci, ba ma sunan mutum ɗaya a kai, sunan tawaga ne. Da ƙidayar ambato aka bi a lokacin, ba wanda zai san da ita. A 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To me za mu ɗauka mu tafi da shi?

Na farko, kafin ka tura hoton farfesa gaba, ɗauki minti biyar ka binciki sunansa. Kada ka tsaya a kan yawan maƙalu. Duba a wace mujalla suka fito, su wa ke ambatonsa, shi da abokansa ne kawai ko har mutanen da ba su san shi ba. Idan masanin sinadaran tsirrai ne, duba ko ya taɓa ware sinadari ya gano ƙirarsa, ko kuwa kullum a jiƙo da tacewa ake tsayawa. Duba ɗaliban da ya yaye, ina suke. Wannan ba raini ba ne ga malamanmu. Girmama mai aikin gaske ne, don kada a haɗa shi kwando ɗaya da mai sayen shafi.

Na biyu, ƙannena da ke karatun kemistiri a Aliero, Birnin Kebbi, Sakkwato ko Zuru: duk abin da za ku ambata, ku nemo shi ku karanta. Kuma idan za ku zaɓi furojet, ku duba gida. Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, kusa da Kwara, inda Busawa, Kyangawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa ke cuɗanya, ga 'yan'uwa ta ɓangaren Segbana. Kowace al'umma da sunayen da take kiran itatuwa da abin da take yi da su. Tsofaffin da suka san wannan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, dajin ma gawayi na cinye shi. Rubuta sunan tsiro a harsuna uku, da yadda ake amfani da shi, da samfurin da masanin tsirrai ya tabbatar, aiki ne da wani zai iya ɗora gini a kai shekara talatin masu zuwa. Wanda ya fi ƙarfin hali ya ɗebo wake daga kasuwanninmu ya nemi inda za a auna masa gubar da ke ciki.

Na uku, masu maganin gargajiyarmu su san haƙƙinsu. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, da ta ce duk mai son amfani da tsirran wata ƙasa da ilimin mutanenta sai ya nemi izini, kuma a yi yarjejeniyar raba amfani. Idan baƙo ya zo da littafi da biro yana tambayar Baba me yake sa wa a jiƙonsa, mu da muka yi boko mu zauna a wurin, a rubuta wa ya ba da ilimin, da abin da aka yi alkawari.

Na huɗu, mu san inda za mu matsa lamba. TETFund na ba jami'o'in gwamnati kuɗin bincike da na kayan aiki. Idan wakilanmu sun zo neman ƙuri'a, cikin tambayoyin da za mu yi musu har da wannan: wane ɗakin gwaji ne a jihar nan zai iya auna guba a wake, albasa da shinkafar da muke nomawa, kuma yana da wuta?

Kafin nan, wanda zai ajiye wake bana ya nemi buhu mai hawa uku, ya tabbatar waken ya bushe sarai, ledar ba ta huje ba, kuma kada ya riƙa buɗewa yana rufewa. Fiya-fiya ba ta abinci ba ce.

A nan za mu dakata. Wanda ya san wani ganye da iyayenmu ke sa wa hatsi a rumbu, ya rubuto mana sunansa da harshen da ake kiransa da kuma garinsu, mu tattara. Wanda kuma ya ga layin nan na 1993 a furojet ɗinsa, ya nemo maƙalar ya karanta, ya zo ya ba mu labarin abin da ya tarar. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.